Mesa Mai Ido da Allura: Yadda Likitoci Ke Gane Ciwon Dajin Kaluluwa

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san kaluluwa. In ƙaya ta soki mutum a ƙafa, ko ya yi sartse a gona, bayan kwana biyu sai ya ji wani ɗan ƙululu ya taso masa a matsematsi. In miki ya warke, ƙululun ya sace. Wannan ba abin tsoro ba ne, jiki ne yake aikinsa. Amma akwai wata kaluluwa wadda takan taso ba miki, ba zafi, ta ƙi sacewa, ta yi ta girma. Akwai kuma wadda takan kumbura can cikin ƙirji ko cikin ciki, inda hannu ba ya kaiwa, ido kuma ba ya gani. Irin wannan tana iya zama tarin fuka, tana kuma iya zama ciwon dajin kaluluwa, wanda likitoci suke kira limfoma.

A wannan karo muna so mu bayyana wata dabara da likitoci suke bi su ɗebo ɗan nama daga kaluluwar da ke ɓoye a ciki, ba tare da sun tsaga mutum ba. Za mu kuma faɗi dalilin da ya sa ɗibar naman ta zama tilas, gama mutane da yawa sukan gudu daga asibiti da zarar an ambaci allura ko wuƙa, sa'an nan su komo lokacin da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu.

MECE CE KALULUWA?

Ban da hanyoyin jini, akwai waɗansu ƙananan hanyoyi a cikin jiki masu ɗauke da wani ruwa fari-fari. A kan waɗannan hanyoyi akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu kamar ƙwayar wake, kimanin 600 a jikin babban mutum. Su ne kaluluwa. Aikinsu kamar na rariya ne: suna tace ruwan, su kama ƙwayoyin cuta, sa'an nan fararen ƙwayoyin jini da ke zaune a cikinsu su kashe su. Shi ya sa kaluluwa takan kumbura in akwai miki kusa da ita.

Waɗanda muke iya taɓawa su ne na wuya, da na hamata, da na matsematsi. Amma da yawa suna can ciki: waɗansu a tsakanin huhu biyu, jikin hanyar abinci da hanyar numfashi, waɗansu a bayan tumbi, waɗansu kuma gefen babbar jijiyar jini da ke bin gadon baya. Saifa ma 'yar gidansu ce, aiki ɗaya suke yi.

CIWON DA AKE KIRA LIMFOMA

Limfoma takan fara ne sa'ad da waɗansu daga cikin fararen ƙwayoyin nan masu tsaron jiki suka lalace, suka shiga hayayyafa ba tsayawa. Sai su cika kaluluwa, ta kumbura. Daga nan suna iya bazuwa zuwa saifa, da hanta, da ɓargo. Ba a ɗaukar ciwon daga wurin mai shi, ko ta cin abinci tare, ko ta taɓa shi. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne.

Alamun da ya kamata mu lura da su ga su: ƙululu marar zafi wanda ya wuce mako 3 ko 4 bai sace ba, zazzaɓi mai zuwa yana komowa wanda maganin zazzaɓin cizon sauro bai kore shi ba, gumi da dare har tufafi su jiƙe, rama ba dalili, watau mutum ya rasa kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a wata 6, ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje, kumburin ciki, ko tari da sarƙewar numfashi in kaluluwar ƙirji ce ta danne hanya.

Limfoma ba iri ɗaya ba ce. Likitoci sun rarrabe fiye da iri 60, kowanne da halinsa da maganinsa. Akwai wadda ake kira da sunan Thomas Hodgkin, likitan Landan da ya fara bayyana ta a 1832. Takan kama samari da 'yan mata, kuma inda ake samun cikakken magani, fiye da mutum 80 cikin 100 suna warkewa. Akwai masu tafiya a hankali, shekara da shekaru. Akwai masu gaggawa.

Wadda ta fi gaggawa ita ce ta yara, wadda ta fi yawa a ƙasashenmu na Afirka masu zafi da damina. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana ta a 1958 sa'ad da yake aiki a asibitin Mulago na Kamfala, a Yuganda. Ya ga yara da kumburin muƙamuƙi, haƙora suna girgiɗa, waɗansu kuma da kumburin ciki. A 1961 ya ɗauki mota tare da likitocin mishan biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka yi tafiyar mil 10,000 a gabashi da kudancin Afirka, suna shiga asibitoci fiye da 50 suna tambaya ko ana ganin ciwon. Suka tarar yana nan a wurare masu ɗumi da ruwan sama, babu shi a kan tuddai masu sanyi. Watau inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, nan ciwon yake. A 1964 kuma, a Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin naman da aka aiko musu daga Yuganda. Yanzu an sani ƙwayar nan da yawan zazzaɓin cizon sauro su ne suke haɗuwa su buɗe wa ciwon ƙofa.

Wannan ciwo na Burkitt ya fi kama yara masu shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Ƙwayoyinsa suna iya ninka kansu cikin kwana 1 ko 2. Amma yana jin magani ƙwarai. A asibitin jami'a na Ibadan, Farfesa Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa magani kaɗai yana narkar da kumburin, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972 tare da Burkitt da waɗansu likitoci. A ƙasashe masu hali, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. A wurinmu ba a kai haka ba, kuma manyan dalilai su ne zuwa a makare da barin magani kafin ya ƙare.

DON ME SAI AN ƊEBI NAMA?

Wani zai ce, tun da ga alamu, me zai hana likita ya ba da magani kawai? Amsar ita ce alamun nan ba na limfoma kaɗai ba ne. Tarin fuka ma yakan kama kaluluwa, ya kawo zazzaɓi, da gumin dare, da rama. A hoton ƙirji da sikanin su biyun sukan yi kama ƙwarai. Ciwon dajin huhu, ko na tumbi, ko na mama shi ma yakan gangara cikin kaluluwa ya kumbura ta. Gwajin jini ba ya raba gardamar.

To, magungunan kuwa sun bambanta kamar dare da rana. Maganin tarin fuka ƙwayoyi ne da ake sha wata 6, kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati a Nijeriya. Maganin limfoma kuwa magunguna ne masu ƙarfi da ake sa wa mutum ta jijiya, masu tsada, masu rage ƙarfin jiki na ɗan lokaci. In aka ba mai limfoma maganin tarin fuka bisa zato, zai yi watanni yana shan abin da ba ya taɓa ciwonsa, ciwon kuwa yana ci gaba. In aka ba mai tarin fuka maganin daji, an karya masa garkuwar jiki, tarin ya sami sarari ya bazu. Duka biyun suna iya kai mutum kabari.

Dillalin hatsi ba ya sayen buhu don ganin bayansa. Yakan soka ƙarfen nan mai rami, tsaba ta zubo a tafin hannunsa, ya duba ko dawa ce mai kyau ko ƙwari sun cinye ta. Haka likita yake bukatar ya ga abin da ke cikin kaluluwa da madubin likita kafin ya yanke magana. In kaluluwar tana wuya ko hamata, abin da ya fi kyau shi ne a kashe wurin da allura, a yi ɗan yanka, a cire ta ɗungum a kai ɗakin bincike. Wannan ƙaramin aiki ne, manyan asibitoci da yawa suna yi. Wahalar tana wurin kaluluwar da ke ɓoye.

KALULUWAR DA HANNU BA YA KAIWA

A da, in kumburin yana tsakiyar ƙirji ko bayan tumbi, sai an sa wa mutum maganin barci mai nauyi, a yanka gindin wuya ko a buɗe ciki, ya yi kwanaki a kwance. Ga marar lafiyar da ya riga ya rame, wannan babban kaya ne. Soka allura daga waje ma ba kullum take yiwuwa ba, domin ƙashi, da huhu, da hanji, da manyan jijiyoyi suna tare hanya.

Likitoci suka lura da wani abu. Hanyar abinci, daga maƙoshi zuwa tumbi zuwa farkon hanji, ta ratsa daidai tsakiyar waɗannan kaluluwa. Abin da ya raba su bango ne siriri, kaurinsa milimita kaɗan. In mutum ya iya shiga ta wannan hanya, ya zama maƙwabcinsu.

Dabara biyu aka haɗa. Ta fari ita ce mesa mai ido: wani dogon bututu mai lanƙwasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, mai fitila da ƙaramar kyamara a bakinsa, wanda ake zura wa ta baki don a duba cikin tumbi. Ta biyu ita ce sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu. Sikanin ba haske yake amfani da shi ba, sauti ne. In ka yi kira cikin rijiya, muryarka takan komo maka, kana iya gane zurfinta daga jinkirin amsar. Haka jemage yake gane hanyarsa cikin duhu. Na'urar sikanin tana aika sauti mai kaɗawa sau miliyoyi a daƙiƙa ɗaya, wanda kunne ba ya ji, ta saurari yadda ya komo daga nama, da ruwa, da jijiya, ta mai da shi hoto a allo. Amma sautin ba ya ratsa ƙashi da iska sosai, shi ya sa sikanin bisa fata ba ya nuna tsakiyar ƙirji.

A wajen 1980, likitoci a Amurka da Jamus suka fara ɗaura ƙaramin kan sikanin a bakin mesar. Da haka aka iya ganin abin da ke bayan bangon tumbi da na hanyar abinci, kusa-kusa, sarai. A 1992 wani likita a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, Peter Vilmann, tare da abokan aikinsa, suka ba da labarin yadda suka bi da siririyar allura ta cikin mesar suka ɗebo nama, suna kallon allurar a allo. Daga nan dabarar ta bazu a duniya.

Da ita ana kaiwa kaluluwar da ke ƙarƙashin inda hanyar numfashi ta rabu biyu, da waɗanda ke gefen hanyar abinci, da na bayan tumbi, da na ƙofar hanta. Ana kuma kaiwa saifa, da ɓangaren hagu na hanta, da naman nan na bayan tumbi mai sarrafa sukarin jini. Akwai 'yar'uwarta da ake zurawa ta hanyar numfashi, domin kaluluwar da ke gaba-gaba a ƙirji. Mesar tana kuma nuna ko limfoma ta kama bangon tumbi kansa, da zurfin da ta kai. Wannan yana da amfani, gama akwai wata limfoma ta tumbi da ƙwayar cutar gyambon ciki ke jawowa, wadda in an same ta tun tana sama-sama, sau da yawa maganin kashe ƙwayar kaɗai yakan warkar da ita.

RANAR GWAJIN

Marar lafiya zai kwana bai ci kome ba, ko ya yi aƙalla awa 6 ba abinci, domin tumbi ya zama fanko. Tilas ya gaya wa likita dukan magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, musamman masu tsinka jini, da kuma ko yana da ciwon sukari, ko mace tana da ciki. Akan gwada jini a ga ko yana daskarewa yadda ya kamata.

A ɗakin aikin zai kwanta a gefen hagu. Za a sa masa ɗan abin roba tsakanin haƙora, a yi masa allurar da za ta sa shi gyangyaɗi ko barci. Mesar ba ta hanyar numfashi take bi ba, saboda haka yana numfashinsa kamar kullum. Likita zai zura ta a hankali, ya manna bakinta a bango, ya nemi kaluluwar a allo. Wadda ta wuce santimita 1, ta yi kewaye kamar ƙwallo, ta yi duhu, gefenta ya fito sarai, ita ce ake tuhuma. Na'urar tana nuna jini mai gudu da launi, ja ko shuɗi, don likita ya kauce wa jijiya.

Sa'an nan ya turo allurar. Kaurinta daga rabin milimita zuwa milimita 1 ne, watau ba ta fi wadda ake ɗibar jini da ita ba. Ta huda bangon, ta shiga kaluluwar, likita yana ganinta kamar farin layi. Ya motsa ta gaba da baya sau da dama, wani lokaci yana zuƙa da sirinji, sa'an nan ya janye ta ya zuba abin da ta ɗauko. Akan maimaita sau 2 zuwa 4 ko fiye, daga kusurwa dabam-dabam. Ɗan hujin yakan rufe da kansa, ba ɗinki.

Aikin duka yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1. Bayan mutum ya wartsake, yawanci ran nan yake komawa gida. Maƙogwaro yakan yi ɗan zafi kwana ɗaya ko biyu. Kada ya tuƙa babur ko mota a ranar, kada kuma ya tafi shi kaɗai. In ya ga zazzaɓi, ko ciwon ciki mai tsanani, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ya koma asibiti nan da nan.

ABIN DA AKE YI DA NAMAN

Ɗan abin da allura ta ɗauko bai fi tsawon zaren da ke cikin ido na allurar ɗinki ba, amma akan raba shi kashi-kashi. Kashi ɗaya a shafa a gilashi, a rina, a duba siffar ƙwayoyin da madubin likita. Kashi na biyu a sa a ruwan magani mai hana ruɓa, a daskarar da shi cikin kaki irin na asibiti, a yanyanka shi siriri fiye da fatar albasa. Sai a ɗiɗɗiga masa waɗansu rini na musamman, kowane rini yana kama irin ƙwayar da ke da wata alama a jikinta, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa ta shaidar da ke kunnensu. Wata alamar da ake nema ita ce CD20. In ƙwayoyin suna da ita, akwai magani mai suna rituksimab, wanda aka fara yarda da shi a Amurka a 1997, mai bin wannan alama ya kashe su.

Kashi na uku akan sa shi ɗanye cikin ruwa a bi da shi ta wata na'ura mai ƙirga ƙwayoyi ɗaya-ɗaya. A kaluluwar da ke yaƙi da cuta, ƙwayoyin gauraye suke, iri-iri, kamar gonar da aka shuka gero da dawa da wake. A limfoma kuwa duk daga uwa ɗaya suka fito, kamanninsu ɗaya. Na'urar tana gane wannan. Kashi na huɗu shi ne na gwajin tarin fuka. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da amsa cikin awa 2. A ƙasa irin tamu mai yawan tarin fuka, yana da kyau mai jinya ya tambayi likita ko an ware kashin wannan gwaji.

Cikakken sakamako yakan ɗauki mako 1 ko 2, wani lokaci fiye, in sai an aika naman wani gari. Asibitocin koyarwa irin na Zariya, da Kano, da Jos suna da ɗakunan binciken nama.

IYAKAR AIKIN ALLURA

Kada mu ɗauka allura ta gama kome. Siririyar allura tsaba take ɗebowa, ba zangarniya ba. Tsaba tana gaya maka dawa ce, amma sai ka ga zangarniya kafin ka ga yadda ƙwayoyin suka jeru. Haka yake ga limfoma: don a san ainihin irinta, sau da yawa sai an ga yadda ƙwayoyin suka zauna cikin kaluluwar. Saboda wannan aka ƙera sababbin allurai masu baki kamar haƙori, waɗanda suke yanko ɗan sili na nama a haɗe. Sun rage matsalar ƙwarai, amma ba su kawar da ita duka ba.

Limfomar Hodgkin ita ta fi wuyar kamawa da allura, domin miyagun ƙwayoyinta kaɗan ne, a warwatse cikin ɗimbin lafiyayyu da tabo. Allura tana iya wucewa ta gefensu. Don haka in sakamako ya ce ba a ga kome ba, alhali kumburi da zazzaɓi suna nan, ba a sallami mutum ba ke nan. Likita zai so a maimaita, ko a yi fiɗa a ciro kaluluwar. Wannan ba neman kuɗi ba ne, ƙa'idar aikin ce.

Haɗarin gwajin kaɗan ne. Kusan mutum 1 cikin 100 ne yake samun wata matsala, kamar zubar jini, ko shigar ƙwayoyin cuta, ko kumburin naman bayan tumbi, yawancinsu kuma sukan lafa da magani. Hujewar hanji tana faruwa, amma da wuya ƙwarai.

Mun san maganar da ake yi a ƙauyuka, wai daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura sai ya fusata ya bazu. Abin da ya haifi wannan magana shi ne mutane sukan zo asibiti a ƙarshen ciwo, a ɗebi nama, bayan 'yan kwanaki su rasu, sai a ɗora wa allura laifi. Ƙwayoyin limfoma tun asali masu yawo ne cikin jini da ruwan jiki, ba su jira allura ta buɗe musu hanya ba. Jinkiri ne yake kisa.

Na'urar mesa mai sikanin tana da tsada, allurarta sau ɗaya ake aiki da ita a jefar, likitocin da suka ƙware a kanta kuma kaɗan ne, a manyan birane suke. Amma ba kowa ne yake bukatarta ba. Yaron da ke da kumburin muƙamuƙi ko babban ƙulli a ciki, ana ɗibar namansa ta baki ko ta fata, da taimakon sikanin na kullum. Mai kaluluwa a wuya, ƙaramin yanka ya ishe shi. Kada kowa ya zauna jiran babbar na'ura alhali ga hanya kusa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na fari, kada a kai ƙululu wurin sakiya, ko tsaga, ko ƙaho. Miki ne kawai za a ƙara, a ɓata makonni. A kai shi asibiti, in ya wuce mako 3 ko 4. In yaro ne kuma muƙamuƙi ko ciki yana kumbura ana gani, ko ƙafafunsa sun fara mutuwa, kada a jira ranar kasuwa, a tafi a ranar.

Na biyu, a guji magungunan nan da ake kira firedinisolon da deksametazon, waɗanda ake sayarwa a kemis domin ciwon jiki ko ƙiba, har akan cusa su cikin haɗe-haɗen 'yan talla. Suna sa kumburin limfoma ya sace na ɗan lokaci, iyali su yi murna, sa'an nan ya komo da ƙarfi. Banda haka suna ɓata kamannin ƙwayoyin, har mai duba nama ya kasa gane ciwon. Wanda ya riga ya sha, ya faɗa wa likita gaskiya.

Na uku, wanda aka sa wa maganin tarin fuka saboda kaluluwa, ba tare da gwaji ya tabbatar ba, in ya yi wata 2 bai ga sauƙi ba, kada ya daina shan maganin da kansa, amma ya koma ya roƙi a ɗebi nama. Ya kuma yarda a yi masa gwajin cutar ƙanjamau da na ciwon hanta, domin ƙanjamau tana ƙara haɗarin limfoma, maganin daji kuma yana iya tayar da ciwon hanta da ke kwance.

Na huɗu, mu kula da kanmu a gona. A 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lindan, watau maganin ƙwarin da muka sani da Gammalin, cikin abubuwan da ke jawo limfoma. Tun 2009 yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana aiki da shi a noma. Kowane irin feshi za mu yi, mu rufe hanci da baki, mu sa riga mai dogon hannu, mu bi bayan iska, mu yi wanka bayan aiki, kada mu zuba ruwan sha ko manja a galan ɗin magani. Yara kuma su kwana cikin gidan sauro.

Na biyar shi ne na ƙungiya. Maganin limfoma ba na rana ɗaya ba ne. Ga irin da ya fi yawa a manya, akan sa magani sau 6, kowane bayan kwana 21. Bayan zagaye na biyu kumburi yakan ɓace, mutum ya ji ƙarfi, kuɗin mota ya ƙare, ga damina ta kama, sai ya ce ya warke. Nan ne ake asarar mutane da yawa, gama ciwon da ya komo ya fi na fari wuyar magani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa kafin 2030 yara 60 cikin 100 masu ciwon daji su riƙa rayuwa, limfomar Burkitt da ta Hodgkin kuwa suna cikin iri 6 da ta sa a gaba, domin suna warkuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙungiya tana iya ware ɗan kashi daga asusunta lokacin kaka domin kuɗin mota da gwaji. Tana iya zaɓen mutum ɗaya mai karatu ya riƙa raka marasa lafiya, ya adana takardun asibiti cikin leda, ya rubuta ranar komawa karɓar sakamako da sunan ciwon yadda likita ya rubuta shi. Tana iya kuma kiran gayya a nome gonar mai jinya, don kada tunanin ciyawa ya dawo da shi gida kafin a gama.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taron wata mai zuwa, su kuma gayyaci malamin asibiti ko ungozomar da ke kusa domin amsa tambayoyin jama'a.